Neman Asali: 'Yan Riƙo a Birtaniya da Shirin Buɗe Takardun Haihuwarsu

Gabatarwa

A duk lokacin da mutum ya je asibiti da ciwon suga ko hawan jini, daga cikin tambayoyin farko da likita zai yi masa akwai cewa, shin akwai mai irin wannan ciwo a danginsa? Ga mafi yawan jama'a wannan tambaya ba ta da wuyar amsawa, domin kowa ya san abin da ya kwantar da kakansa ko gwaggonsa. Amma a ƙasar Birtaniya akwai dubun-dubatar magidanta, maza da mata, waɗanda ba su da amsa, saboda ba su taɓa sanin ko da sunan matar da ta haife su ba. Waɗannan su ne mutanen da aka miƙa wa wasu iyaye tun suna jarirai, kotu ta canza musu suna, aka kuma kulle takardunsu na asali. A yau doka ta ba su damar buɗe waɗannan takardu. Sai dai binciken masana ya nuna cewa karɓar takardar shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin, babban aikin shi ne shirya zuciya domin abin da ke cikinta.

Ya kamata mai karatu ya bambance wannan riƙo da wanda aka saba da shi a ƙasar Hausa. A nan, idan goggo ko kawu ko kaka suka ɗauki yaro riƙo, yaron yana tashi ya san ubansa da uwarsa, yana amsa sunan mahaifinsa, kuma a can yake da gado, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada. Riƙon da ake magana a kansa a wannan maƙala kuwa na doka ne, wanda alƙali ke yanke duk wata dangantaka ta shari'a tsakanin yaro da mahaifansa, ya mayar da shi ɗan mariƙansa ta fuskar suna da gado da komai, tamkar su suka haife shi.

Yadda Aka Kulle Takardun

An kafa dokar riƙo ta farko a Ingila da Wales a shekarar 1926, Sikotland kuma ta bi baya a 1930. Idan kotu ta yanke hukunci, sai a shigar da yaro cikin wata rajista ta musamman da sabon sunansa da sunayen mariƙansa, a ba shi sabuwar takarda a madadin ta haihuwa. Babban Magatakardan Rajistar Haihuwa yana riƙe da bayanin da ke haɗa tsohon suna da sabo. Masana na wancan zamani suna ganin cewa alheri ne a yanke igiyar gaba ɗaya: uwa ta manta ta sake sabuwar rayuwa, yaro ya tashi ba tare da tabon haihuwa ba da aure ba, mariƙa kuma su zauna da kwanciyar hankali.

Abin ya yi yawa ƙwarai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har a shekarar 1968 kaɗai kotunan Ingila da Wales suka yanke hukuncin riƙo kusan 25,000. A rahoton da wani kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Birtaniya kan haƙƙin ɗan'adam ya fitar a 2022, an ƙiyasta cewa jarirai kimanin 185,000 aka karɓe daga hannun iyaye mata marasa aure tsakanin 1949 da 1976. Da yawa daga cikin matan nan 'yan mata ne da iyayensu suka tura gidajen ɓoye masu ciki domin gudun abin kunya. Doka ba ta yarda uwa ta sa hannu a takardar amincewa ba sai jariri ya kai mako shida, don haka mata da yawa sun shayar da 'ya'yansu, sun yi musu wanka, sun saƙa musu 'yan riguna, kafin ranar rabuwa ta zo. Daga baya an tabbatar da cewa da yawansu matsa musu aka yi. A kan irin wannan ne Firayim Ministar Ostareliya, Julia Gillard, ta nemi gafara a madadin ƙasarta a 2013, gwamnatocin Sikotland da Wales su ma suka yi haka a 2023.

Abin da Masana Suka Gano

Tun a 1952 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna E. Wellisch ya ja hankali kan halin da yaran da ba su san salsalarsu ba ke shiga. A 1964 kuma H. J. Sants, masanin halayyar ɗan'adam, ya faɗaɗa batun, ya kira shi ruɗewar nasaba, wato damuwar da ke samun mutum idan bai san daga inda ya fito ba, bai kuma taɓa ganin fuskar da ta yi kama da tasa ba. A shekarun 1980, David Brodzinsky na Jami'ar Rutgers a Amurka ya nuna tare da abokan aikinsa cewa ƙaramin yaro yakan maimaita labarin riƙonsa da fara'a ba tare da ya gane ma'anarsa ba. Sai ya kai wajen shekara shida zuwa bakwai ne hankalinsa ke fara kamo cewa, kafin wasu su karɓe shi, lalle wasu sun rabu da shi. Daga nan tambayar dalili take shiga zuciyarsa, kuma takan zauna shekara da shekaru ba a furta ta ba.

Sikotland ta bambanta da Ingila tun farko, domin dokarta ta 1930 ta bar wa ɗan riƙo damar ganin takardarsa ta asali idan ya kai shekara 17, daga baya aka mayar 16. Wannan ya ba John Triseliotis na Jami'ar Edinbara damar yin hira da mutum 70 da suka nemi takardunsu, ya wallafa sakamakon a littafi a 1973. Ya gano cewa da yawansu ba a gaya musu cewa riƙonsu ake yi ba sai a makare, wasu ma a bakin maƙwabta ko cikin faɗa suka ji. Ya kuma lura cewa sau da yawa wani babban al'amari ne ke tayar da neman, kamar rasuwar mariƙi, ko aure, ko haihuwar ɗan fari. Mafi muhimmanci, mafi yawansu sun ce abin da suka samu ya amfane su, ko da kuwa bai yi daɗi ba. Wannan bincike ya yi tasiri a kan kwamitin Houghton, wanda a rahotonsa na 1972 ya ba da shawarar a ba 'yan riƙon Ingila da Wales irin wannan dama.

Dokar 1975 da Sharaɗin Ganawa

Dokar Yara ta 1975 ta ba duk ɗan riƙon da ya kai shekara 18 'yancin karɓar takardar haihuwarsa ta asali. An yi muhawara mai zafi kafin ta wuce, domin an riga an yi wa iyaye mata da mariƙa alkawarin cewa asiri zai rufu har abada, wasu matan kuma sun yi aure ba tare da mazajensu sun san komai ba. Ana tsoron 'ya'ya za su riƙa dira ƙofar gidaje cikin fushi. Saboda haka majalisa ta gindaya sharaɗi: duk wanda aka ɗauka riƙo kafin 12 ga Nuwamba 1975, dole ne ya gana da mai ba da shawara kafin a ba shi bayanin. Wanda aka ɗauka bayan wannan rana kuwa zaɓi ne gare shi. Nazarin da Cyril Day ya yi kan ganawa 500 na farko a Babban Ofishin Rajista, wanda ya fito a 1979, ya nuna cewa ƙalilan ƙwarai ne daga cikin masu neman suka nuna alamar da za ta tayar da hankali. Akasarinsu sun fi damuwa da kada su cutar da mahaifiyar tasu.

A 1991 aka buɗe Rajistar Saduwa mai ɓangare biyu, ɗaya na 'yan riƙo, ɗaya na danginsu na jini. Idan suna ya haɗu da suna, sai a sanar da ɗan riƙon, shi ne kuma zai yanke shawarar abin da zai yi. Daga 30 ga Disamba 2005, ƙarƙashin dokar 2002, dangin jini su ma sun sami damar neman wata hukuma mai rajista ta tuntuɓi ɗan nasu a madadinsu, shi kuma yana da ikon rubuta tun da wuri cewa ba ya so a neme shi, ko kuma a neme shi bisa wani sharaɗi kawai, kamar labarin rashin lafiya ko rasuwa.

Abin da Ke Cikin Fayil

Takardun iri uku ne. Na farko ita ce takardar haihuwa, mai ɗauke da sunan da uwa ta raɗa wa jariri, da sunanta, da adireshinta a lokacin. Sau da yawa gurbin sunan uba fayau yake, domin a ƙa'ida ba a rubuta sunan uban da bai auri uwar ba sai da halartarsa ko amincewarsa. Na biyu takardun kotu. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a zuciya, shi ne fayil ɗin hukumar da ta shirya riƙon, inda ake samun rahoton jami'ar jin daɗin jama'a, da na likita, wani lokaci da wasiƙun da uwa ta riƙa aikowa tana tambayar lafiyar ɗanta, ko hoto guda ɗaya.

A nan ne shiri ke da amfani. Mutum mai shekara hamsin zai iya ganin cewa da can yana da wani suna dabam, kuma mutane da yawa sun ce wannan kaɗai ya girgiza su fiye da yadda suka zata. Zai iya karanta kalaman ƙasƙanci da jami'an wancan zamani suka rubuta game da ɗabi'ar mahaifiyarsa ko basirarta. Zai iya tarar da cewa labarin da aka ba shi tun yana yaro ba gaskiya ba ne, ko yana da 'yan'uwa da aka bari a gida shi aka ba da shi, ko cikin nasa ta hanyar fyaɗe aka same shi. Haka kuma zai iya tarar da fayil mai shafi biyu kacal, ko babu fayil sam, domin kafin farkon shekarun 1980 likita ko limamin coci ko wata unguwarzoma na iya haɗa riƙo ba tare da wata hukuma ba, wasu takardun kuma sun salwanta. Masu ba da shawara sukan tunatar da mai nema cewa fayil ba shi ne gaskiya dukanta ba: abin da wata jami'a ta rubuta ne, a kan yarinya mai firgita, wadda mai yiwuwa ta faɗi abin da take ganin ana so a ji.

Shirin Zuciya

Abu na farko da mai ba da shawara ke yi shi ne taimaka wa mutum ya tantance abin da yake nema. Neman bayani daban, neman saduwa daban. Wani tarihin lafiya kawai yake so, kuma dalili ne mai ƙarfi, domin akwai cututtukan gado irin su cutar Huntington, wadda duk ɗan mai ɗauke da ita ke da rabin yiwuwar gadonta, da wasu nau'o'in sankarar mama da ke bin dangi, waɗanda sanin su da wuri kan sa a fara bincike kafin ciwo ya bayyana. Wani kuma fuska yake so ya gani. Wani dalili yake so ya ji daga bakin mai shi. Wanda bai san abin da ya fita nema ba, da wuya ya gane ya samu.

Na biyu, akan bi da shi ta kan duk abin da zai iya faruwa, mai daɗi da marar daɗi. Mai yiwuwa mahaifiyar ta rasu, musamman ga waɗanda aka haifa a shekarun 1950 da 1960, sai neman ya ƙare a bakin kabari. Mai yiwuwa tana raye amma ta ƙi, saboda ta ɓoye sirrin tsawon rayuwarta. Wannan shi ne abin da masu nema suka fi tsoro, domin sukan ji kamar an sake yar da su karo na biyu. Amfanin tattauna shi tun kafin ya faru shi ne mutum ya fahimci cewa ƙin nan yakan fito ne daga kunya da tsoron da aka cusa wa matar tun tana yarinya, kuma wani lokaci ƙin farko ba shi ne na ƙarshe ba.

Na uku, tafiya sannu a hankali. Doka ba ta tilasta wa kowa ya wuce matakin da ya tsaya ba. Akwai masu karɓar takarda su ajiye ta a aljihun tebur shekara goma kafin su ɗaga ƙafa ta gaba, kuma masana ba su ɗauki wannan aibi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ana kuma ba da shawarar kada mutum ya karanta fayil shi kaɗai, kada kuma ya zaɓi lokacin da yake cikin wani tashin hankali, kamar mutuwar aure ko zaman makoki, duk da cewa a irin wannan lokaci ne sha'awar neman ta fi motsawa.

Na huɗu, mai shiga tsakani. Shi mai nema ya yi watanni ko shekaru yana shiri, ita kuwa wadda ake nema ba ta da labari. Don haka akan aika gajeriyar wasiƙa mai lulluɓe, wadda ko ta faɗa hannun miji ko ɗa ba za ta tona asiri ba, a ba matar lokaci ta natsu. Daga nan a yi musayar wasiƙu da hotuna kafin a haɗu.

Na biyar, mariƙa. 'Yan riƙo da yawa sukan ji kamar cin amana suke yi, har wasu su jira sai mariƙansu sun rasu, wanda a lokacin kuma mai yiwuwa mahaifiyar ma ta riga mu gidan gaskiya. Pauline Boss ta Jami'ar Minnesota ta bayyana wani nau'in baƙin ciki da ta kira rashi marar tabbas, wato rashin wanda ba a san ko yana raye ko ya mutu ba, wanda ba a yi masa jana'iza ba, ba kuma mai zuwa ta'aziyya. Uwa da ɗa duka sun daɗe a cikinsa, su ma mariƙa da yawa suna da nasu na rashin haihuwa. Buɗe fayil yakan tayar da duka ukun a lokaci guda.

Bayan Saduwa

A shekarar 2000 David Howe da Julia Feast suka wallafa binciken da suka yi kan 'yan riƙo kusan 500, waɗanda suka nema da waɗanda aka nema. Sun gano cewa mata sun fi maza fita neman, kuma da yawa daga cikin masu neman sun taso cikin jin daɗi a gidan mariƙansu, abin da ya rushe tsohon zato cewa sai wanda aka ƙuntata wa ne ke neman asalinsa. Mata kaɗan ne suka ƙi ganin 'ya'yansu baki ɗaya. Bayan shekara takwas, fiye da rabin waɗanda suka sadu da mahaifiyarsu suna ci gaba da hulɗa da ita, amma akasari dangantakarsu da mariƙa ita ce ta ci gaba da zama mafi ƙarfi. Mafi yawansu kuma, har da waɗanda hulɗar tasu ta yanke, sun ce ba su yi nadama ba, domin sun sami amsar tambayoyin da suka daɗe suna cin su.

Masu ba da shawara sukan gargaɗi mutane game da zumuɗin farko, lokacin da kowa ke ganin kamanni a hanci da murya da tafiya, ana waya dare da rana. Bayan wannan sai bambancin tarbiyya da na hali ya fito, wata uwar tana neman jaririn da ta rasa alhali magidanci ne a gabanta, wani ɗan kuma fushin da bai san yana da shi ba ya taso. Jini ya haɗa su, amma zumunta a ƙafa take, sai an gina ta kamar kowace dangantaka.

Darasi Daga Ailan da Zamanin Gwajin Jini

Maƙwabciyar Birtaniya, wato Jamhuriyar Ailan, ta daɗe ba ta buɗe takardunta ba, kuma labarin Philomena Lee ya nuna abin da hakan ke jawowa. Ta haifi ɗanta a 1952 a wani gidan mata masu hidimar coci a garin Roscrea, aka tafi da shi Amurka yana ɗan shekara uku, inda ya zama babban lauya mai suna Michael Hess. Ya komo Ailan neman ta, ita ma tana neman sa, amma ba a haɗa su ba. Ya rasu a 1995, aka binne tokarsa a harabar gidan da aka haife shi kamar yadda ya roƙa. Sai a 2022 Ailan ta kafa dokar da ta ba duk ɗan riƙo mai shekara 16 zuwa sama cikakken 'yancin ganin bayanan haihuwarsa.

A halin yanzu ma kimiyya ta sha gaban doka. Da ɗan yawu a kwalba, kamfanonin gwajin DNA kan kwatanta ƙwayoyin gadon mutum da na miliyoyin da suka riga suka yi gwajin. Ɗa da mahaifi suna tarayya a kashi 50 cikin 100, 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya kimanin kashi 25, 'ya'yan wa da ƙane kuwa kimanin kashi 12.5. Ta haka ake gano uban da gurbin sunansa yake fayau a takarda, ko da shi bai taɓa yin gwajin ba. Illar ita ce labari yakan faɗo wa mutum a wayarsa cikin dare, ba mai ba da shawara a kusa, sa'an nan wani ɗan'uwa na nesa kan ji sirrin kafin uwar da abin ya shafa. Wannan ya ƙara wa shiri muhimmanci.

Kammalawa

Shekarun da suka biyo bayan dokar 1975 sun nuna cewa tsoron da aka yi bai tabbata ba, kuma ɓoye wa mutum asalinsa bai kare shi daga damuwa ba, sai dai ya bar shi da ita shi kaɗai. Rashin sani ya fi dare duhu. Duk da haka takarda ba ta warkar da kowa nan take, tana amsa wasu tambayoyi ne ta kuma haifar da wasu. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan dama su ne waɗanda suka san abin da suke nema, suka shirya wa mai daɗi da marar daɗi, suka sami wanda zai zauna kusa da su ranar buɗe fayil, suka kuma tuna cewa a ɗaya gefen akwai wata tsohuwa wadda ita ma take bukatar lokaci kafin ta amsa wasiƙa.